Riƙon Makami A Musulunci: Darasi Daga Kazage Da Dajin Birnin Gwari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya jinin ɗan Adam da dukiyarsa da mutuncinsa abubuwa masu alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filin namu zai duba wata tambaya wadda ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, a rumfunan kasuwa da ofisoshi da ƙofar masallatai. Tambayar kuwa ita ce: wa ya cancanta ya riƙe bindiga, wace iri, kuma wa zai tambaye shi abin da ya yi da ita? Mutane sun rabu biyu a kan wannan batu. Wasu suna cewa tunda hukuma ta kasa tsare talaka, to, a sakar wa kowa mara ya sayi irin bindigar da ɓarayin daji ke riƙewa. Wasu kuma suna cewa a karɓe kowane makami daga hannun farar hula, har da bindigar maharbi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma kowanne yana magana ne cikin zafin abin da ya gani. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu auna maganganun nan biyu a ma'aunin Shari'a, sa'an nan mu dubi abin da ya auku a wata ƙasa tamu wadda ta ɗanɗani wannan masifa fiye da wurare da yawa, watau ƙasar Birnin Gwari.

Ƙasar da ake magana a kanta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Ta cikinta ne tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ikko ta ratsa, ta bi ta Tegina da Mokwa da Jebba, kana wata hanyar ta tashi daga garin ta nufi Funtuwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar hatsi ko shanu zuwa Kudu ya san waɗannan hanyoyi. Ƙasa ce mai albarkar noma, musamman masara, ga kiwo, ga kuma zinariya a ƙarƙashin ƙasa. Dajinta, wanda ya haɗa da gandun Kamuku, ya sadu da dajin Kuyambana na Zamfara, har ya zama mutum yana iya ƙetare jiha uku ba tare da ya taka kwalta ba.

Ƙaramar Hukumar tana da mazaɓu 11. Kazage ɗaya ce daga cikin waɗanda ke gabashinta, tare da Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa, kuma a cikin mazaɓar Kazage ne garin Damari yake. Mai karatu ya riƙe waɗannan sunaye, domin za mu komo gare su.

A watan Oktoba na 2012 'yan bindiga suka auka wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe fiye da mutum 20, wasunsu suna fitowa daga masallaci. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana guda, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta amince a girke bataliyar soja a yankin. A ƙarshen Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, aka hana hawan babur, aka rufe kasuwannin mako. Manomi ya riƙa biyan ɓarayi kuɗi kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya kwashe amfaninta. Direba kuwa sai ya jira rakiyar soja kafin ya kama hanyar Kaduna.

Yadda bindiga ta sauya

Makami ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san kwari da baka, da mashi, da takobi, da bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma mai bindigar toka harbi ɗaya yake yi, sa'an nan ya tsaya ɗuri, shi ya sa ma ake yi mata kirari da harba-ka-ruga. Bugu da ƙari, a da can kowane mai makami yana da wanda ya san shi. Maharbi yana ƙarƙashin Sarkin Baka, maƙerin da ya ƙera masa bindiga yana ƙarƙashin Sarkin Maƙera, baƙo kuwa ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san da zuwansa, ya sanar da dagaci. In aka yi ɓarna da makami, kafin rana ta faɗi an san hannun da ya yi ta. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan dokar En'e da 'yan sandan Nijeriya, kana gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya janye ragamar mulki daga hannun sarakuna. Gyaran yana da nasa amfani, sai dai idon nan da ke kan kowace unguwa ya yi rauni, ba a kuwa maye gurbinsa da wani ba.

Ana cikin haka sai bindigar yaƙi ta shigo. Wadda ta fi yawa a dajin nan ita ce AK-47, ƙirar Rasha ta shekarar 1947. Gidan harsashinta yana ɗaukar 30, kuma mai riƙe da ita yana iya zazzage su duka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba ta jin ƙura, ba ta jin ruwa, tana kai shekaru gommai tana aiki, yaro ma yana iya koyon sarrafa ta a wuni guda. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka fantsama cikin Sahara, wasu suka gangaro ta Nijar, suka tarar da waɗanda ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa da waɗanda ke sulalewa daga rumbunan hukuma. Da irin wannan bindiga mutum goma a kan babura suna tarwatsa garin da ke da mutum dubu. Saboda haka duk wanda zai yi fatawa a kan makami a yau, lalle ne ya san cewa ba takobi ake tambayarsa ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Tsarin Mulki na 1999 ya sanya batun makamai da harsasai da nakiyoyi cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar da ake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta kasa bindiga gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja, da gurneti, da ƙaramar bindiga ta hannu. Waɗannan ba mai ba da iznin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izni hukuncinsa ɗauri ne na aƙalla shekara 10. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na toka, kuma a nan dokar ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko, in Gwamna ya yarda, ya hana riƙe su sai da lasisi daga hukumar da ya ayyana. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda shaye-shaye ya rinjaye shi, da wanda kotu ta samu da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Wannan ne ya sa a watan Yuni na 2022, sa'ad da Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umarci jama'arsa su nemi lasisin bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce Gwamna ba shi da wannan iko. Kafin nan, a 2021, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, shi ma ya yi kira ga mutanensa su tanadi makamin kare kai. Abin lura a nan shi ne, mai ikon ba da izni yana Abuja, wanda ake kashewa kuwa yana Kazage. Tsakanin su biyu akwai tazara mai nisa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Shari'a ta tanada

Musulunci bai haramta makami ba. A cikin Suratul Hadid, aya ta 25, Allah ya ambaci ƙarfe a matsayin abin da ke ɗauke da ƙarfi mai tsanani da kuma amfani ga mutane. A Suratul Anfal, aya ta 60, ya umarci al'umma ta yi tanadin ƙarfi, kana a Suratun Nisa'i, aya ta 102, ya yi umarni da riƙe makamai ko ana cikin salla in ana tsoron abokan gaba. Amma duk wanda ya karanta waɗannan ayoyi zai ga cewa da jama'a ake magana, jama'a mai shugaba da tsari, wadda a cikinta aka san wanda ke ba da umarni da wanda ke karɓa.

Sunna kuwa ta zo da ƙa'idoji waɗanda in da za a rubuta su a yau, da sai a ce dokar gari ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ko da wasa, domin bai san sa'ad da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hanin miƙa wa wani takobi a zare. Muslim ya ruwaito hanin ɗaukar makami a Makka. Buhari kuma ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, lokacin da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina. Da Hajjaju ɗan Yusufu ya zo duba shi yana neman sanin wanda ya yi wannan aiki, sai Ibnu Umar ya ɗora laifin a kan Hajjaju kansa, saboda shi ne ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, aka kuma shigar da shi Harami.

Mai karatu ya dubi wannan labari da kyau. Ibnu Umar ya bar sojan da mashinsa ya soke shi, ya tuhumi shugaban da ya saki makami cikin taro. Ashe ke nan tun zamanin sahabbai an san cewa ƙayyade wurin da za a shiga da makami, da lokacin da za a ɗauke shi, da yadda za a riƙe shi, aikin hukuma ne, kuma za a tambaye ta in ta yi sakaci. Idan an yi wannan tsanani a kan kibiya, wadda ke raunata mutum guda, ina ga bindigar da ke zubar da harsashi 30 kafin a ƙifta ido?

Kare kai da iyakarsa

Masu cewa a bar talaka ya kare kansa suna da tushe mai ƙarfi. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma a wata ruwaya an haɗa da jininsa da iyalinsa. Malaman Malikiyya sun halatta yaƙar ɗan fashi, sai dai sun so a fara yi masa magiya da Allah in akwai halin yin haka. Saboda haka ba wanda zai ce wa mutumin ƙauye ya naɗe hannu ana kwashe matarsa da 'ya'yansa.

Amma kare kai yana ƙarewa ne a inda harin ya ƙare. Tare ɓarawo a bakin gari kariya ce. Bin mutum har kasuwa a kama shi a yanka saboda kamanninsa ko harshensa, ko ƙone ruga saboda wani daga cikinta ya yi laifi, wannan kisan kai ne, ko da wane suna aka kira shi. Malamai sun haɗu a kan cewa tsai da haddi da ƙisasi aikin shugaba ne da alƙalinsa. Suratul An'am, aya ta 164, ta tabbatar cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani, kana Suratul Isra'i, aya ta 33, ta hana ko mai haƙƙin jini ya wuce iyaka wajen kisa. Abin da ya faru a Zamfara ya isa wa'azi. 'Yan sa-kai sun tashi da niyyar tsare garuruwansu, amma da yake babu mai ƙidaya musu harsashi, babu mai tambayarsu wanda suka kashe, sai wasunsu suka shiga yanke hukunci a kasuwanni, waɗanda aka kashe wa dangi kuma suka shiga daji suka sayi bindiga. A Dogon Dawa ma rahotannin lokacin sun nuna cewa maharan sun zo ne ramuwar gayya a kan 'yan sintirin garin. Wannan ba ya rage wa maharan laifi ko ƙwayar zarra, sai dai yana nuna mana cewa in jama'a suka tari 'yan fashi su kaɗai, ba hukuma a bayansu, a kansu fansar take sauka.

Abin da ya sami Damari

A gabashin Birnin Gwari an ga wani nau'in na dabam. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta sami mafaka a dajin, har 'yan sanda suka kai wa sansaninta hari a dajin Kuduru a watan Fabrairu na 2020. A shekarar 2022 Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari, wadda aka fi sani da BEPU, ta yi ta shelanta wa duniya cewa mutanen nan suna shiga garuruwan gabas suna wa'azi, suna jan matasa, har sun hana harkokin siyasa. Abin da suka shigo da shi kuwa shi ne alkawarin kare jama'a daga ɓarayin daji. Mutumin da aka sace wa shanu, aka kashe wa ƙane, ya duba gabas da yamma bai ga ɗan sanda ba, in ya karɓi wannan tayi ba za a yi mamaki ba. An yi ta gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu a kewayen Damari, kuma a cikin wannan shekara, da 'yan Ansaru suka ja jiki, ɓarayin suka auka wa garin, mutane suka watse suka bar gidajensu da gonakinsu a tsakiyar damina.

Darasin a fili yake. Bindigar da ba ta ƙarƙashin hukuma, ko mai ita ya zo da rawani da carbi, kariyarta aro ce. Ranar da ya ga dama zai sa maka doka, ranar da ya ga dama zai tafi ya bar ka da abokan gabar da ya tara maka, ba kuwa kotun da za ka kai ƙararsa. Manzon Allah ya barranta daga wanda ya ɗauki makami a kan al'ummarsa, kuma ba a ba kura ajiyar nama.

To, wani zai ce: yaya bindigar toka za ta tari AK-47? Gaskiya ne, ba za ta iya ba. Hukumar da ta ƙwace bindigar maharbi ta bar ta ɗan fashi ta yi zalunci, kuma Allah zai tambaye ta, domin tsaron rayuka shi ne farkon amanar da ta ɗauka. Amma a duba abin da zai biyo baya in aka zuba bindigar yaƙi a kowane ƙauye. Ɓarayi za su riƙa kai hari don su ƙwace ta. Wanda talauci ya matsa zai sayar da tasa. In an gama da ɓarayi kuma bindigar tana nan, sai ta fito ranar rikicin gona, da rabon gado, da zaɓe, domin ita ba ta tsufa da wuri kamar yadda husuma ke tsufa. Maganin gobara ba a yin sa da fetur.

Rabon ɗan kasuwa da ma'aikaci

Yawancin masu karanta wannan fili 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, kuma kada ɗayanmu ya ɗauka cewa maganar ta mutanen daji ce kawai. Ba a shuka bindiga a Kamuku, ba a haƙo harsashi a Kuyambana. Wani ne ya saya, wani ya ɗauko a motarsa cikin buhunan hatsi, wani ya ɗaga shinge ya bar ta ta wuce, wani ya karɓi shanun sata ya mai da su kuɗi.

Buhari ya ƙulla babi a kan sayar da makami a lokacin fitina, ya kuma ambata cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi wannan ciniki. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai ƙa'idar toshe kafar ɓarna, watau halal yana komawa haram in an san ƙofa ce zuwa ga haram. Suratul Ma'ida, aya ta 2, ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, ta bayyana cewa a fashi ana kashe jama'a saboda mutum guda ko da ɗayansu ne ya yi kisan, kuma kowane ɗaya daga cikin 'yan fashin yana lamunin dukkan abin da suka ƙwata. Wanda ya kai musu harsashi, ko man fetur, ko labarin wanda ya sayar da masara yau, ya san irin sahun da yake kusantar shiga. Ribar da aka ci a wannan ciniki jinin Musulmi ce, ko an yi Hajji da ita.

Ma'aikaci kuwa ya ji wannan. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda waɗanda ba a iya ba da bayaninsu ba, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Hukumar 'yan sanda ta yi musun yadda aka fahimci alƙaluman, amma ko musun ma yana nuna cewa littafin rumbu ba ya tafiya daidai. Mai riƙe da mabuɗin rumbun makamai, da jami'in kwastan a kan iyaka, da akawun da ke cika takardar lasisi, da alƙalin da aka kawo wa mai safarar bindiga, kowannensu amana ce a wuyansa, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sulhu da ajiye makami

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta yi shekaru a rufe. Motoci suka koma bin hanya, manoma da yawa suka koma gonakin da suka bari. Duk mai imani zai yi murna da ranar da ba a zubar da jini ba, kuma sulhu alheri ne.

Sai dai Shari'a ta yi bayanin tuban ɗan fashi dalla-dalla. Suratul Ma'ida, aya ta 33, ta faɗi hukuncinsa mai tsanani, aya ta 34 kuma ta togace wanda ya tuba tun kafin a ci ƙarfinsa. Risala ta yi sharhi cewa wanda ya zo da kansa yana mai tuba, an ɗauke masa haƙƙin Allah, watau haddi, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a kansa. Malamanmu kuma sun ce alamar tuban ita ce ya zo wa shugaba da biyayya, ko ya bar abin da yake ciki, barin kuwa ba ya tabbata alhali bindigar tana rataye a kafaɗa ko tana binne a gindin bishiya. Saboda haka ma'aunin kowane sulhu, a Birnin Gwari ko Katsina ko Zamfara, shi ne bindiga nawa aka karɓa, aka rubuta lambarta, aka lalata ta a gaban shaidu, kuma me aka yi wa marayu da zawarawan da aka bari. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 2006 a kan ƙananan makamai, ta kafa cibiyar kula da su a 2021, aka kuma yi wa cibiyar doka a 2024. Kayan aikin suna nan a takarda, saura a gan su a ƙasa.

Shawara

Na farko, bindigar yaƙi ta zama haramtacciya ga kowa in ba soja da ɗan sanda da sauran jami'an da doka ta ba su ba, kuma a fara karɓar ta daga daji da masu safara kafin a waiwayi maharbi.

Na biyu, a yi amfani da ƙofar da Dokar 1959 ta bari a kan bindigar toka. Kwamishinan 'Yan Sanda da Gwamna su ayyana hukuma a matakin gunduma, wadda hakimi da dagaci da limami da baturen 'yan sanda za su zauna a cikinta, a buɗe littafi a kowace mazaɓa, a rubuta sunan mai bindiga, da maƙerin da ya ƙera ta, da dattawa biyu da suka tsaya masa. Wanda ya san yaron tun yana goye shi ya fi cancanta ya ce a ba shi ko a hana shi.

Na uku, 'yan sintiri su kasance ƙarƙashin hukuma ɗaya. Jihar Kaduna tana da rundunar 'yan sintiri ta doka, wadda aka ɗauki mutum 7,000 a cikinta a 2023. Duk mai son tsaron garinsu ya bi ta wannan hanya, a san wanda ya fita da makami, a san abin da ya harba, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa.

Na huɗu, a raya sunnar nan ta kama tsinin kibiya: kada a shiga kasuwa ko masallaci ko filin Idi ko taron biki da bindiga, a kuma daina harbin murna. Shugabannin kasuwa su fitar da duk wanda aka tabbatar yana cinikin harsashi ko dabbar sata daga cikinsu, limamai kuwa su faɗi hukuncinsa a kan mumbari ba tare da kwana-kwana ba.

Na biyar, hukuma ta cika nata alkawari. Ba za a ce wa mutumin Kazage ya bi doka ba alhali in ya yi kururuwa da dare ba mai amsa masa. A kai ofishin 'yan sanda da kotu da makaranta inda jama'a suke, domin duk gurbin da hukuma ta bari, mai bindiga ne zai cike shi.

A cikin Suratu Ƙuraishin Allah ya haɗa ni'imomi biyu wuri guda, ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro, ya kuma ambace su ga mutanen da sana'arsu fatauci ce. Ɗan kasuwar da ke Kano ko Zariya ya sani cewa buhun masarar da ke rumfarsa daga irin gonakin Damari yake fitowa, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu lafiya, ya shiryi masu riƙe da makami a daji, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.